Kafin a ce gas ya ƙare, a ɗauko mita

Abin da ya fi damuna a wannan sana'a tamu ta gyaran firij da na'urorin sanyi shi ne saurin yanke hukunci. Na'ura ta daina sanyi, mai gyara ya zo, ya ɗora tafin hannu a bayanta, ya ce gas ya ƙare. In bai ce haka ba, ya ce kwampireso, wato injin da ke tura gas ɗin a cikin bututu, ya mutu. Hukunci biyu ke nan da ake yankewa tun ba a zuge jakar kayan aiki ba, kuma su ne suka fi kowanne cin kuɗin mai kaya. Gas ɗin firij ba ƙonewa yake yi ba. A cikin rufaffen bututu yake kewayawa shekara da shekaru, in ya ragu to akwai inda yake yoyo, kuma wanda ya ƙara shi bai nemo ramin ba bai yi gyara ba. Kwampireso kuwa yana da wuyar mutuwa fiye da yadda ake zato. A yawancin na'urorin da suka biyo ta hannuna, abin da ya lalace ɗan ƙaramin abu ne na ɓangaren lantarki wanda za ka iya rufewa a tafin hannunka, ko kuma ita kanta wutar da ake ba na'urar ce ba ta dace da ita ba.

Zan kawo wani aiki da na yi a bazarar da ta wuce, don ya tattaro kusan duk abin da nake son yaran shagona su riƙe.

Wani Alhaji mai sayar da magunguna a kan sari yana da ɗan sito a bayan shagonsa a nan Kano. Ya sayo wata na'ura a wajen masu kayan gwanjo, aka fasa bango aka cusa ta, rabinta a cikin siton rabinta a lungun baya. Duk tsawon hunturu tana aiki lafiya. Da zafi ya kama sai ta fara wani hali: a ji gurnani na 'yan daƙiƙu, sai a ji ƙas, sai shiru. Bayan ɗan lokaci ta sake. Kafin a kira ni an kawo masu gyara. Wani ya huda bututu ya ƙara gas, wani ya ce a nemo sabon kwampireso.

Ban fara da sukundireba ba. Na haska tocila a gefen na'urar na karanta ɗan allon ƙarfen da masana'anta ke mannawa, wanda mutane da yawa ba sa ko kallo. Nan na ga abu uku. Wutar da take so bolt 115 ce a kan hez 60, wato ta Amurka (hez shi ne sau nawa wuta ke kai da komo a daƙiƙa ɗaya). Gas ɗinta R134a ne, an rubuta nauyinsa. Sannan ba na'urar sanyaya ɗaki ba ce irin wadda muka sani. An ƙera ta ne don ɗakin da Turawa ke adana kwalaben giyar inabi.

Na gaya wa Alhaji, ya yi salati. Na ce masa, Alhaji, jan ƙarfe ne da waya, ba abin da ya shafe mu da abin da aka yi ta dominsa, amma dole mu san shi, don shi zai gaya mana abin da za ta iya da wanda ba za ta iya ba. Masu wannan harka a Faransa da Italiya da Sifen tun da daɗewa a ƙarƙashin ƙasa suke ajiye kayansu, inda sanyi ba ya hawa ba ya sauka rani da damina. Wanda ba shi da irin wannan rami sai ya sayi na'urar da za ta kwaikwaya masa shi. Don haka ake saita ta ta riƙe ɗaki a wajen digiri 13 a ma'aunin Salshiyos, abin da Amurkawa ke kira 55 a nasu ma'aunin, kuma ta bar danshin iska tsakanin kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari don kada toshiyar kwalaben ta bushe. Ba a yi ta don ta daskarar da komai ba, ba a kuma yi ta don ta yi kokawa da rana irin tamu ba. Da yawa daga cikin masu shiga bango, ƙarfinsu shi ne su saukar da ɗaki da kimanin digiri 17 ƙasa da zafin wurin da suke fesa iskarsu mai zafi. Wannan lissafi zai dawo mana a gaba.

Gwaji daga bango nake farawa, in bi wuta har inda ta tsaya. Dalili shi ne duk abin da za ka auna a cikin na'ura ba shi da ma'ana in abin da ke shigowa gurɓatacce ne. Wutar Najeriya a ƙa'ida bolt 230 ce a kan hez 50, kuma injina suna jure sama ko ƙasa da kimanin kashi 10 cikin ɗari, wato daga 207 zuwa 253. Da na sa mita a soket ɗin siton da tsakar rana, 178 na gani. Masu sayar da na'urar sun haɗa wa Alhaji da ƙaramin taransifoma mai raba wuta biyu, irin wanda aka rubuta wa 220 zuwa 110. Shi wannan ba ya gyara komai, rabawa kawai yake yi. Ka ba shi 178 ya ba ka 89. Da dare kuwa, in masu injinan unguwa sun tashi daga aiki wuta ta cika ta kai 240, sai ya miƙa wa na'urar 120.

Mutum zai ce to ai da dare ta samu abin da take so. A nan ne inda ake yawan tuntuɓe. Taransifoma yana canza bolt, ba ya canza hez. Injin da aka naɗa don hez 60, in ka ɗora shi a kan 50, gudunsa yana raguwa da kashi ɗaya cikin shida, sanyin da yake bayarwa ma ya ragu kusan haka. Abin da ya fi wannan muni shi ne ƙarfen cikin injin yana cika da maganaɗisu fiye da kima in aka rage hez aka bar bolt a inda yake, sai ya riƙa jan wuta yana mayar da ita zafi. Shi ya sa za ka ga wasu kwampiresoshin an rubuta musu lamba biyu a jiki: 115 a kan 60, ko 100 a kan 50. Na leƙa jikin na Alhaji, haka aka rubuta. Ke nan a wutarmu bolt 100 yake so. Da rana yana samun abin da bai isa ya tashe shi ba, da dare yana samun abin da ke dafa shi. Ya yi wata da watanni a haka, kuma ba wanda ya auna.

Abu ɗaya nake jaddada wa yara a nan: a auna wuta lokacin da injin ke ƙoƙarin tashi, ba lokacin da yake zaune ba kawai. Soket zai iya nuna maka lamba mai kyau, amma da kwampireso ya ja sai ka ga ta faɗi warwas, saboda siririyar waya, ko fulogi mai sako-sako, ko taransifoman da ya yi wa aikin ƙanƙanta. Kwampireso a daƙiƙar tashi yana jan ninki biyar ko shida na abin da yake ja in ya daidaita. Lambobin biyu duk suna kan allo, RLA na lokacin tafiya, LRA na lokacin da ya cije. Wanda ya sayi taransifoma da lissafin RLA kaɗai ya sayi matsala.

Daga nan na zare fulogi, na kwance murfi. Yarona ya kai hannu zai ciro kafasita, na riƙe masa wuyan hannu. Na ce, kai, ba a taɓa wannan sai an sauke ta. Ya ce, Oga ai an cire wuta. Na ce ita ajiyar wuta ce sana'arta, tana iya riƙe abin da zai jefar da kai bayan an zare fulogi. Na san da yawa suna haɗa ƙafafunta da bakin sukundireba su ga tartsatsi, amma ni ba na so, don yana cin bakin ƙafafun, wani lokaci ya lalata cikinta. Ina da ɗan rezisto, abin da ke rage gudun wuta, mai om dubu 20 (om shi ne ma'aunin juriyar da abu ke yi wa wuta) da na sa wa wayoyi biyu, shi nake ɗorawa na 'yan daƙiƙu, sannan in tabbatar da mita cewa ba saura.

Fanel ɗinta, wato allon lantarkin da ke sarrafa ta, da sansa mai auna zafin ɗaki ban daɗe a kansu ba. Fis lafiya, ba alamar ƙuna, dalmar ƙafafun rilen fanel ba ta tsage ba, kuma lokacin da aka kunna fanel ɗin yana aika wuta zuwa kwampireso bayan ɗan jinkiri. Wannan jinkiri na minti uku zuwa biyar da gangan aka sa shi, don matsin gas ya daidaita kafin injin ya sake tashi, kuma na ga waɗanda suka ɗauke shi a matsayin lalacewa suka yanke fanel mai lafiya suka haɗa kai tsaye. Sansar kuwa irin wadda ke nuna om dubu 10 a digiri 25 ce. Juriyarta raguwa take in zafi ya ƙaru. Na sa ta a kofin ruwan ƙanƙara lambar ta haura zuwa wajen dubu 30, na dumtse ta a hannu ta sauko a hankali ba tsalle. Sansa mai lafiya ke nan. Abin da na gyara kawai shi ne wurin zamanta. Wasu na'urorin irin wannan a cikin kwalba mai ruwa ake tsoma sansarsu don su auna sanyin ruwa maimakon na iska, ita kuwa wannan an bar ta tana lilo a gaban fanka. Na nemo kwalba na cika da ruwa na mayar da ita inda ta dace.

Fankoki biyu ne, ɗaya a ɓangaren sanyi ɗaya a ɓangaren zafi. Ta ciki tana juyawa da ɗan turin yatsa. Ta waje ta yi nauyi, kuma raga-ragar da take hurawa ta toshe da ƙurar hunturu har ta zama kamar bango, haske ma ba ya ratsawa. Wannan ba aikin mita ba ne, amma yana bayyana a mita, don in zafi ya rasa hanyar fita matsin gas yana hawa, kwampireso ya ƙara jan wuta. Naɗin wayar da ke cikin injin fankar bai yanke ba. Wanki da ɗigon mai a bushin kawai take nema.

Yanzu ga inda aikin yake, wato abubuwa ukun da ke maƙale a gefen kwampireso: kafasita, rile da obalod.

Injin da ke kan wuta mai layi ɗaya ba ya iya fara juyi da kansa, shi ya sa ake naɗa masa waya kashi biyu, naɗin tafiya da naɗin tashi. Abin kamar motar da batirinta ya mutu ne: sai an samu mai turi, in ta kama kuma dole mai turin ya saki, in ba haka ba ta ja shi ƙasa. Naɗin tashi shi ne mai turin, rile shi ne mai ce masa saki. A ƙananan injina na yanzu rilen ba shi da abin da ke motsi a ciki. Ɗan faifai ne na tangaran da ake kira PTC. In yana da sanyi wuta na ratsa shi cikin sauƙi, cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu ya yi zafi ya toshe hanya. Na injinan 115 yakan nuna wajen om 5 in ya huce, na injinan wutarmu kuma 15 ko 22 ko 33, ya danganta da injin. Saboda haka ba a ɗauko rilen kowane firij a cusa. Na ciro na Alhaji na girgiza shi kusa da kunne, sai ƙarar tsakuwa. Faifan ya farfashe. Mita ta tabbatar, hanya a yanke take. Ke nan duk gurnanin nan da ake ji, kwampireso ne ke ƙoƙarin tashi ba mai turi.

Ƙas ɗin da ke biyo baya kuwa obalod ne. Shi ɗan faifan ƙarfe biyu ne da aka manne, in wuta ta yi yawa ko jikin injin ya yi zafi sai ya lanƙwashe ya yanke hanya, in ya huce ya koma. Mutane suna jin ƙararsa su ce shi ne ya lalace. Alhali shi ne ya tsare kwampireson nan duk kwanakin da yake cijewa. In ya huce ya kamata mita ta nuna kusan sifiri tsakanin ƙafafunsa, kuma haka ya nuna. Duk da haka na canza shi, don bakinsa ya sha tartsatsi ya yi baƙi, kuma kuɗinsa bai kai a yi jayayya ba. Abin da ba zan taɓa yi ba, kuma na kori yaro daga aiki a kansa, shi ne a cire obalod a haɗa waya kai tsaye don na'ura ta daina yankewa. Za ta daina yankewa kam, har sai naɗin ya ƙone, wani lokaci har da kayan ɗakin.

Kafasitar an rubuta mata maikirofarad 15, wato ma'aunin yawan wutar da take iya ajiyewa, da ragin kashi 5 cikin ɗari sama ko ƙasa. Ba ta kumbura ba, ba ta zubar da mai ba, duk wanda ya dube ta da ido zai ce lafiyarta ƙalau. Mita ta ce 6. Zafi ne ke cinye su a hankali, kuma lungun da take zaune ya isa. Kafasita mai rauni ba ta hana injin aiki gaba ɗaya, shi ya sa take da haɗari. Injin zai riƙa tafiya yana jan wuta fiye da ƙa'ida yana zafi, mai kaya bai sani ba. Wajen canji, lambar maikirofarad dole ta zama daidai da ta asali. Lambar bolt kuwa ana iya hawa sama amma ba a sauka ƙasa. Kuma don Allah a bar al'adar nan ta sa babba wai don injin ya ƙara ƙarfi. Naɗin tashi siririyar waya ce, in ka tura mata abin da ya fi ƙarfinta ita za ta biya.

Wanda mitarsa ba ta auna kafasita yana da wata hanya, in injin na tafiya. Ya maƙala mita mai baki a wayar da ta fito daga kafasita zuwa naɗin tashi ya karanta amfa, wato yawan wutar da ke bi ta wayar, ya auna bolt tsakanin ƙafafun kafasitar, sannan ya ninka amfa da 3183 ya raba da bolt. Misali amfa 0.7 da bolt 150 za su ba ka kusan 15. A lura da lambar nan. A bidiyoyin Amurka da yaranmu ke kallo a YouTube 2652 za su ji ana faɗa, kuma daidai ne a can, don ta hez 60 ce. Wanda ya yi aiki da ita a nan zai yar da kafasita mai lafiya.

Sai shi kansa kwampireson da aka riga aka yi wa ta'aziyya. Ƙafafu uku ne ke fitowa daga jikinsa, C da S da R. C ta haɗaka ce, S ta naɗin tashi, R ta naɗin tafiya. Ko an goge alamar, mita za ta nuna maka su. Tsakanin C da R lamba mafi ƙanƙanta, tsakanin C da S wadda ta fi ta, tsakanin S da R kuma jimlar biyun. A nan na samu 2.4 da 6.1 da 8.5. Lissafi ya fita. Da ɗaya ta nuna hanya a yanke, ko jimlar ta ƙi haɗuwa, da sai in fara zargin naɗin. Amma ko a nan akwai tarko. Wasu injinan obalod ɗinsu a ciki yake, in jikinsu da zafi za ka ga C a yanke, ka ce ya ƙone, alhali jira kawai yake nema ya huce. Kuma in kana auna lambobi ƙanana haka, fara haɗa bakin wayoyin mitarka ka ga nawa suke ci da kansu, ka cire shi daga lissafi.

Gwaji na biyu ya fi wannan muhimmanci, don shi ya shafi rai. Na kankare fenti a jikin bututun jan ƙarfe, na ɗora waya ɗaya a nan, ɗayar a kan kowace ƙafa bi da bi. Bai kamata a ga wata hanya ba ko kaɗan. In an gani, naɗin ya taɓa jiki, kuma duk wanda ya dafa na'urar da jiƙaƙƙen hannu zai iya zama shi ne hanyar da wutar za ta bi zuwa ƙasa. Mitar hannu da ɗan batirinta ba ta cika tona ƙaramin yoyo ba, don haka na sa mega, mitar gwada rufin waya, mai bolt 500, ta nuna rufin naɗin da sauran ƙarfinsa. A nan ne kuma na ga an karye ƙafar fulogi ta uku don ya shiga soket, taransifoman ma ba shi da wayar ƙasa. Na ce wa Alhaji wannan ko bai yarda da sauran gyaran ba sai an yi shi, yaransa ne ke shiga siton nan kullum.

Da na sa sabon rile da kafasita da obalod, na ba shi wuta mai kyau daga sitabilaizar shagona, kwampireso ya tashi a bugu ɗaya. Alhaji ya ce, Malam, dama da ransa? Na ce da ransa, Alhaji, amma ba mu gama ba. Mita mai baki tana nuna yana jan wuta sama da RLA, kuma bututun dawowa ya yi raɓa har jikin injin. Gas ɗin da aka ƙara ne. Ƙananan na'urori masu siririn bututu ba su da wurin ajiyar rara, awo ake zuba musu da sikeli, giram kaza kamar yadda aka rubuta a allo, kuma ɗan ƙari kaɗan ya isa ya dagula su. Na'urar da ba ta rasa gas ba aka ɗura wa gas. Ga kuma bawul ɗin hudawa da aka bari a jikin bututu, wanda shi kansa yoyo yake farawa in robarsa ta tsufa. Dole na kwashe gas ɗin, na cire bawul ɗin na yi waldar na dindindin, na zuƙe iska da famfo, na auna sabo. Wannan ɓangare shi ya fi cin lokaci da kuɗi a duk aikin, kuma gyaran gyara ne, ba ciwon da na'urar ta zo da shi ba.

Maganar wuta muka warware ta da abu biyu. Sitabilaiza a gaba, mai ƙarfin da ya ninka buƙatar na'urar don ta ɗauki jan tashi, sannan taransifoma mai fitar da bolt 100. Irin wannan ana samunsa saboda kayan Japan, don can wutar gidajensu 100 ce, kuma gabashin ƙasar har da Tokiyo a kan hez 50 yake kamar mu. Na kuma auna janaretan shagon. Yawancin mitocin yanzu suna da wurin auna hez, amma ba kowa ke juyawa can ba. In kaya sun yi wa janareta yawa gudunsa na faɗuwa, hez ya faɗi tare da shi, injin da dama yake kukan 50 ya koma samun abin da bai kai ba. Na ce a daina tayar da na'urar tare da famfon ruwa a lokaci guda.

Saura lissafin digiri 17 ɗin nan. Lungun da na'urar ke fesa zafinta rufin kwano ne da shi, ba taga, iskar da ta fitar ita take sake shaƙa. Na rataya ma'aunin zafi a wurin da azahar, ya wuce 45. A watan Afrilu da Mayu inuwar Kano ma tana haura 40, balle lungu rufaffe. Cire 17 daga 45, abin da ya rage 28 ne, kuma wannan in injin yana kan hez ɗinsa na asali ke nan. An saita ta a 13, lambar da ba za ta taɓa kaiwa ba a wannan yanayi, don haka ba ta hutawa dare da rana. Abin da ya gasa kafasita da rile ke nan tun farko. Da na canza su na tafi, da bayan 'yan watanni an sake kira na a kan abu ɗaya, kuma da hakkin Alhaji na kaina. Muka sa magini ya buɗe saman lungun, aka sa fanka mai zuƙe iska waje, aka toshe ƙasan ƙofar siton da roba, aka yi wa silin rufi. Saitin kuma na ɗaga shi zuwa 22.

Alhaji bai so wannan ba da farko, yana ganin an rage masa sanyi. Na ce ya ɗauko kwalin magani ko wanne ya karanta gefensa. Mafi yawansu cewa suke a ajiye ƙasa da digiri 25 ko 30. Siton da ke zaune daram a 22 ya fi musu alheri a kan wanda ake nema wa 13 yana mutuwa duk mako. Amma na ga wasu ƙananan kwalaye a kan kanta kusa da bakin na'urar, na tambaya, aka ce insulin ne, an sa shi nan don ya fi samun sanyi. Wannan na tsaya a kansa sosai. Insulin da alluran rigakafi tsakanin digiri 2 zuwa 8 ake adana su, kuma wannan na'ura ko sabuwa ce fil a ƙasar da aka ƙera ta ba a yi ta don ta kai can ba. Mai ciwon suga da zai sayi kwalbar nan ba shi da hanyar sanin ta yi rauni sai a jikinsa. Alhaji mutum ne mai jin magana, a ranar aka mayar da su firij na daban da ma'auni a ciki.

Na bar wa yaron siton aiki biyu: ya riƙa rubuta abin da ma'aunin ɗakin ya nuna safe da azahar a littafi, kuma duk ƙarshen wata ya zare fulogi ya goge ragar baya da burushi, in hunturu ne duk mako biyu. In ya ji gurnani da ƙas ɗin nan ya kashe ta nan take ya kira ni, kada ya bari ta yi ta gwadawa. Na kuma faɗa wa Alhaji gaskiyar abin da ke gaba. Naɗin kwampireson ya sha zafi na watanni, ko da mega ta wanke shi yau, kwanansa ya ragu. Ranar da ya tsaya, kada ya nemi irinsa. In za a sa na bolt 230 sai an canza fankoki biyun da wutar fanel, kuma kuɗin wannan ya kusa na ƙaramar na'urar sanyaya ɗaki sabuwa wadda aka ƙera don wutarmu da zafinmu, ita ce kuma zan ba shi shawarar ya saya a lokacin.